Mafarkinka Ba Shaida Ba Ne A Kan Kowa

A Maradi yanzu da mafarki ake kashe aure, da shi ake yanke zumunci, wasu kuma da shi suke cin abinci. Mace za ta farka da asuba ta ce ta ga kishiyarta cikin barci tana miƙo mata tuwo da nama. Kafin hantsi ta tura saƙon murya ta WhatsApp ga wani mai fassara, kafin azahar amsa ta iso: sammu ne, kuma na cikin gida ne ya yi shi, a turo jika biyar na sadaka a karya abin. Daga ranar ta daina cin girkin abokiyar zamanta, ta hana ƴaƴanta leƙa ɗakinta, mai gida ya rasa gane abin da ya shigo masa gida. Ba a kama kowa da laya ba, ba a ga kowa yana tona rami a bakin ƙofa ba. Barci aka yi aka tashi, shi ke nan.

Na yarda akwai mafarkin gaskiya, kuma ba na tare da masu cewa duk abin da aka gani a barci shirme ne. Wanda ya karanta Suratu Yusuf ba zai faɗi haka ba. Abin da zuciyata ta ƙi ɗauka shi ne a ce abin da mutum ya gani idonsa a rufe, shi kaɗai, babu mai taya shi gani, ya isa a ɗora wa wani bawan Allah laifin sammu ko maita. Zalunci ne, mun kuma saba da shi har mun daina jin nauyinsa.

Addinin da ake fakewa da shi wajen wannan aiki shi ne ya fi kowa tsawatarwa a kai. Hadisin Abu Huraira da ke cikin Sahihu Muslim ya kasa mafarki gida uku: akwai na ƙwarai wanda bushara ce daga Allah, akwai na baƙanta rai daga Shaiɗan, akwai kuma abin da mutum ya wuni yana saƙawa a ransa. Wanda ya ga abin ƙi, an koya masa abin da zai yi: ya yi tofi ta hagunsa sau uku, ya nemi tsarin Allah, ya juya kwanciya ko ya tashi ya yi salla, kada ya faɗa wa kowa, ba zai cutar da shi ba. A lura da wannan, kada ya faɗa wa kowa. Wani mutumin ƙauye ya zo wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce ya ga an sare masa kai, kan yana gangarawa shi kuma yana bin sa. Ba a ce masa maƙiyi ne ke bibiyarsa ba, ba a ce ya je ya binciki danginsa ba. An hana shi ba mutane labarin wasan da Shaiɗan ya yi da shi a barci. Mu kuwa mummunan mafarkin ne muka fi yayatawa. Shi muke kai wa ƙawa, mu kai wa uwa, mu kai wa malam, kowa ya ƙara masa gishiri, har ya zama magana mai suna a ciki.

Dubi kuma abin da fassarar Annabi Yusuf ta haifar. Sarkin Masar ya ga shanu bakwai masu ƙiba ramammu bakwai suna cinye su, da zangarniya bakwai ɗanyu da wasu busassu. Fadawansa suka ce tarkacen mafarkai ne. Yusuf ya ce a yi noma shekara bakwai a jere, abin da aka girbe a bar shi cikin zangarniyarsa sai ɗan abin da za a ci, domin shekarun wahala bakwai na tafe. Duk manomin da ke ɗaure dammunan gero yana zubawa a rumbu ya san hikimar wannan magana, mu da muka ga yunwar 1984 da ta 2005 mun fi kowa saninta. Fassarar annabi ta cika rumbuna ta ceci ƙasa. Ban ga inda ta ce a kama wane, shi ya yi wa sarki asiri ba.

To me ya sa muke mafarki tun farko? Nan ne nake ganin muna da abin koyo daga waɗanda suka kwana suna kallon masu barci. A 1953, a Jami'ar Shikago ta Amurka, wani ɗalibi mai suna Eugene Aserinsky da malaminsa Nathaniel Kleitman suka lura cewa akwai lokutan da ƙwayar idon mai barci ke kai da kawowa da sauri a ƙarƙashin fatar ido. Idan aka tashe shi a daidai lokacin, galibi zai ce yana tsakiyar mafarki. Duk uwar da ta taɓa zuba wa jaririnta ido yana barci ta ga wannan motsi. Daga nan aka gano barci ba shimfiɗa ɗaya ba ne, zagaye yake yi, kowane zagaye wajen minti 90, sau huɗu zuwa shida a dare. A kowane zagaye akwai wannan zango na rawar ido, kuma yana ƙara tsawo yayin da asuba ke matsowa. Shi ya sa mafarkin gab da kiran salla ya fi zama a kai. Babban mutum yana cinye kusan kashi ɗaya cikin biyar zuwa ɗaya cikin huɗu na barcinsa a wannan zango, jariri sabuwar haihuwa kuwa kusan rabi. Kowa yana mafarki, har mai rantsuwa cewa shi ba ya yi, mantawa yake. Wanda aka haifa makaho ma yana yi, da sauti da ƙamshi da taɓawa.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne halin da ƙwaƙwalwa ke ciki a wannan lokaci. Sashen da ke kula da tsoro da fushi da ɗoki a farke yake sosai, sashen da ke bayan goshi kuwa, mai auna magana ya ce wannan ba ta yiwuwa, ya yi sanyi. Shi ya sa za ka ga mahaifinka da ya rasu shekara ashirin yana ciniki a babbar kasuwa, ka waiwaya kasuwar ta zama tafkin Madarunfa, ba kuma za ka yi mamaki ba sai ka farka. Masana sun saɓa a kan amfanin wannan. Sigmund Freud, a littafinsa na 1900, ya ce buri ne da aka danne yake fitowa a ɓoye. Allan Hobson da Robert McCarley na Jami'ar Harvard ta Amurka suka ce a 1977 ƙwaƙwalwa ce ke ƙoƙarin haɗa labari daga saƙonnin da ke tasowa barkatai daga tushenta. Antti Revonsuo na ƙasar Finlan ya ce a 2000 atisaye ne, jiki na gwada yadda zai tsere wa haɗari, shi ya sa gudu da faɗuwa da maciji suka yi yawa a mafarkin mutanen duniya duka. An kuma gwada da ɓeraye a 2001 a jami'ar kimiyya ta MIT da ke Amurka: tsarin motsin da aka gani a ƙwaƙwalwarsu suna bin hanya da rana, shi aka sake gani suna barci. Gardin da ya yi tilawa da dare ya tashi ya ji haddar ta ƙara zama ya san wannan a jikinsa. Ni dai abin yana kama mini da sheƙar hatsi: ƙwaƙwalwa na tace abin da ta tara, tsaba ta zauna, ƙaiƙayi ya tashi, mafi yawan mafarkinmu kuwa ƙaiƙayin ne.

Duk saɓanin nan, wuri ɗaya suka haɗu. Kayan da ake gina mafarki da su daga cikin mai mafarkin suke fitowa: fuskokin da ya sani, abin da yake tsoro, abin da ya kwana da shi a rai. Kashi na uku ke nan da hadisi ya ambata tun ƙarni goma sha huɗu da suka wuce. Saboda haka matar da ta ga kishiyarta tana ba ta nama, abin da mafarkin ya nuna tabbas shi ne tana tsoron kishiyar, ko ta taɓa jin ana cewa cin abinci a mafarki sammu ne. Zuciyarta ya tona. Game da abin da kishiyar ta yi ko ba ta yi ba, bai ce komai ba.

Inda abin ya fi ci mini rai shi ne maganar kama suna. Daga Agusta zuwa Oktoba, lokacin da sauro ya yi yawa, zazzaɓi na kwantar da yara a kowace unguwa. Idan jiki ya yi zafi ƙwarai, ko cutar ta hau kai, yaro yakan yi sambatu, ya ga abin da babu, ya ƙanƙame uwarsa yana ihu, ya kira sunan wanda ya sani. Wa zai kira in ba wanda yake gani kullum ba? A unguwarmu na ga an yi wa wata tsohuwa mai sayar da ƙuli-ƙuli haka. Yaron maƙwabta da ta saba ba shi gutsure kyauta ya kira sunanta cikin zafin ciwo. Kafin gari ya waye an cika ƙofar gidanta, ana cewa ta kama kurwarsa, ta fito ta tsallake shi. Tana kuka tana cewa, “Haba ƴaƴana, ni da na goya uwarsa?” Babu wanda ya saurare ta. Ta tsallaka, don ba ta da mai tsaya mata. Ciniki ya mutu, yara suka riƙa gudu in sun hango ta, kuma da yake ana cewa a nono ake shan maita, tabon ya bi har jikokinta mata. Ku duba da kyau ku gani su wa ake kamawa. Ba a cika kama sunan matar alhaji mai shaguna ko uwar mai muƙami ba. Tsohuwa ce, ko gwauruwa, ko baƙuwa, ko wadda ba ta haifi namijin da zai tare mata ba.

Shi kuma yaron, sa'o'in da aka ɓata ana jan tsohuwa su ne sa'o'in da ransa ke rataye a kai. Zazzaɓin cizon sauro mai tsanani yana iya kashe yaro cikin kwana ɗaya in ba a ba shi magani ba. Gwajinsa ɗigon jini ne daga yatsa, cikin minti 15 zuwa 20 an ga sakamako, kuma akwai allurar artesunate da ake yi wa wanda ciwon ya tsananta. In yaron ya rasu sai a ce mayya ta cinye shi, in ya tashi a ce ai don ta tsallake shi ne. Ta kowace fuska tsohuwa ba ta fita, sauro kuma ba a tuhume shi ba.

Haka dannau. Wanda ya taɓa dannewa ya san firgicin: ka farka, kana jin komai, ba ka iya ɗaga ko yatsa, ƙirji ya yi nauyi, wani lokaci ka ga kamar mutum tsaye a bakin ƙofa. Wani likitan Faransa, Michel Jouvet, da ya yi bincike a kan kyanwoyi a birnin Liyon tun wajen 1959, ya nuna cewa a zangon mafarki ƙwaƙwalwa na saki tsokar jiki gaba ɗaya. Rahama ce, don in ba haka ba mai mafarkin gudu zai tashi ya yi karo da bango. Dannau shi ne hankali ya riga jiki farkawa, sauran mafarki kuma bai gama washewa ba. Daƙiƙu ne ko ƴan mintuna, ya wuce. Wajen mutum 8 cikin 100 sun taɓa yin sa, ya fi kama mai ƙarancin barci, da mai damuwa, da mai kwanciya rigingine. Direban da ke kwana a hanyar Yamai, da ɗalibin da ke raba dare yana shirin jarrabawar BAC ta gama sakandare, su tambayi kansu awa nawa suka runtsa a makon kafin su zargi wani. Addu'ar kwanciya barci a riƙe ta, tana kwantar da zuciya kuma ibada ce. Amma babu hannun maƙwabci a cikin wannan.

Akwai kuma waɗanda mafarkinsu ciwo ne da ke neman magani. Tun 2019 dubun-dubatar ƴan uwanmu daga Zamfara da Sakkwato da Katsina suka tsallako jihar Maradi, musamman yankin Gidan Rumji, suna gudun ƴan bindiga, ƙauyukanmu na bakin iyaka ta wajen Madarunfa ma ba su tsira ba. Matar da aka harbe mijinta a gabanta, ko saurayin da ya yi makonni ɗaure a daji, sukan riƙa ganin abin nan yana dawowa dare bayan dare, su farka cikin gumi suna kururuwa. Likitocin ƙwaƙwalwa sun san wannan ciwo, suna kuma da hanyoyin rage shi. Ɗaya daga ciki ita ce a koya wa mutum ya sake tsara mafarkin da rana, ya ba shi wani ƙarshe, ya yi ta maimaitawa har na daren ya sassauta. Wasu magunguna ma suna kawo munanan mafarkai, irin su efavirenz na cutar ƙanjamau da mefloquine na zazzaɓin cizon sauro. In aka ce wa irin wannan baiwar Allah aljani ne ya aure ta, ko dangin miji ne suka yi mata ture, an ƙara mata tsoro a kan tsoro, an kuma karɓe ɗan abin da ya rage a hannunta.

Sai istihara, wadda aka mai da ita duba. Saurayi da budurwa sun daidaita, iyaye sun bincika sun gamsu, sai a ce bari a ba malam ya kwana a kai. Gobe ya ce ya ga baƙin ruwa, ko ya ga wuta, auren babu alheri. An fasa, yarinya kuma ta shiga bakin duniya, kowa na tambayar me aka gani a kanta. Hadisin Jabir da ke cikin Buhari a fili yake: mai buƙata ya yi raka'a biyu ba na farilla ba, ya karanta addu'ar, ya roƙi Allah in alheri ne Ya sauƙaƙa, in sharri ne Ya kawar. Babu barci a ciki, babu mafarki, babu ɗan aike.

Masu wannan sana'a sukan jingina da Ibn Sirin, malamin Basra da ya rasu a shekara ta 110 bayan hijira. Littafin fassarar da ake sayarwa da sunansa a bakin masallatai, masu bincike sun nuna ba shi ya rubuta shi ba, daga baya aka tattara aka jingina masa. Labarin da aka fi bayarwa a kansa ma ya rushe tsarin maciji maƙiyi, haƙori mutuwa: mutum biyu suka zo masa kowanne ya ga yana kiran salla, ya ba su fassara biyu mabambanta saboda ya dubi halin kowannensu. To yaya wanda bai taɓa ganin fuskarki ba, bai san ko kin kwana da zazzaɓi ko da yunwa ko da ɓacin rai ba, zai yanke hukunci daga saƙon murya na minti ɗaya? An tambayi Imamu Malik ko kowa na iya fassara mafarki, ya ce, “Da annabci ake wasa?” Domin mafarkin ƙwarai yanki ɗaya ne cikin 46 na annabci. Risala da muke karantawa a zaurukanmu ta ce bai kamata wanda ba shi da saninsa ya fassara mafarki ba. Wanda kuma ya ƙaga mafarkin da bai gani ba don ya shafa wa wani baƙin jini, hadisi ya ce ranar ƙiyama za a ɗora masa ƙulla ƙwayar sha'ir biyu, ba kuwa zai iya ba.

Na san abin da wani zai ce: ni na yi mafarki kuma ya tabbata. Ban ƙaryata ka ba, ɗan uwa. Amma ka yi lissafi. In kana shiga zangon mafarki sau huɗu kawai a dare, ka haura sau 1,400 a shekara. Wanda ya dace da abin da ya faru shi kake riƙewa kana ba da labari, sauran sun bi iska ba ka ƙirga su ba. A gari mai dubban ɗaruruwan mutane kamar Maradi, babu daren da wani ba ya mafarkin mutuwa, babu kuma ranar da ba a kai gawa maƙabarta. In ma naka na gaskiya ne daga Allah, to bushara ce gare ka ko gargaɗi gare ka. Ka gode, ko ka yi hattara, ka yi addu'a, ka yi sadaka da hannunka ga wanda ka ga yana da buƙata. Mafarkin annabawa ne kaɗai wahayi. Kiran salla kansa, da Abdullahi ɗan Zaidu ya gan shi a barci, bai zama shari'a ba sai da Annabi (SAW) ya tabbatar da shi. Imam Shaɗibi ya kawo labarin halifa Mahdi na Abbasiyawa, wanda ya yi niyyar kashe alƙali Sharik saboda ya gan shi a mafarki yana juya masa baya, mai fassara kuma ya ce alamar saɓo ce a ɓoye. Sharik ya ce masa mafarkinsa ba na Annabi Ibrahim ba ne, mai fassararsa kuma ba Annabi Yusuf ba ne, ashe da mafarkan ƙarya za a sare wuyan muminai? Halifa ya ji kunya ya sallame shi. Halifa guda ke nan da takobi a hannu ya janye, mu kuwa a kan tsohuwa mai ƙuli-ƙuli mun kasa.

Ƙa'idar shari'a da kowane ɗalibin zaure ya haddace ita ce hujja tana kan mai ƙara, rantsuwa tana kan wanda ya musa. Suratul Hujurat ta ce mu nisanci yawan zato. Ina roƙon limamanmu na Juma'a su ware huɗuba a kan wannan tun kafin damina ta nutsa, su faɗa wa iyaye ƙarara cewa yaron da ke sambatu likita za a kai shi a daren, ko da kabu-kabu ne. Duk gidan rediyon da ke ba mai fassara fili ya kafa masa sharaɗi: ba zai nuna kowa ba, ko da suna ko da ishara irin ta “na kusa da ke ne”, domin wannan ishara ta fi suna ɓarna, tana sa mace ta zargi duk wanda ke cikin gidanta. Masu unguwa da hakimai kuma, in aka kawo musu ƙarar da ba ta da tushe sai mafarki ko sambatun mai zazzaɓi, kada su sa a tsallaka kowa don a kwantar da hayaniya. Su tsaya wa wadda ake zargi, su tura mara lafiya asibiti, wanda kuma ya kira ta mayya a gaban jama'a a sa shi ya dawo ƙofar gidanta, gaban mutanen da ya tara, ya janye maganarsa ya nemi gafararta.